Tauraron da Kawu Isuhu Ya Ninke

Juma'a, daga Paris

Gari bai waye ba na kulle ɗakina da ke Goutte d'Or, na sauko da jaka ɗaya a kafaɗa, ɗaya a hannu. Ta kafaɗar tufafina ne. Ta hannun, wadda ta fi nauyi, tsaraba ce: kuka, kuɓewa busasshiya, yaji da daddawa, duk na kasuwar unguwarmu. Shagunan waya da na aika kuɗi duk a rufe suke, babu kowa a titi sai masu shara da wani mai gasa burodi da ya ɗaga mini hannu ta bayan gilashi. Sanyin Disamba ya kama mini kunnuwa tun kafin in kai bakin jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Hajiya mahaifiyata ce ta tayar da ni wannan tafiya, tana zaune a Katsina. Kawu Isuhu yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, 'yan Maraɗi. Ita aure ya kawo ta Katsina, shi kuma neman abinci ya kai shi Faransa tun ba a haife ni ba. A lokacin kakar bana Kawu ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tun daga nan, duk sanda Hajiya ta bugo waya sai matarsa, Inna Rakiya, ta ce da sauƙi.

"Ni na san da sauƙi," Hajiya ta ce mini. "Ranar da mahaifinku ya rasu ma, da safe da sauƙi aka ce mani. Ki aje karatun nan kwana biyu ki tahi ki gani da idonki, ki dawo ki gaya mani gaskiya."

A tashar da ake shiga jirgin Lyon, garin su Kawu, na sayi shayi da ɗan burodi a farashin da ya isa kaza a Katsina, har da canji. Jirgi ya tashi cikin duhu, na yi sallar asuba a zaune. Kusa da ni wata tsohuwar Bafaranshiya ce mai farar hula, ta yi ta shaƙar iska tana duban jakar tsarabata. Can dai ta kasa daurewa.

"Madam, wane irin cuku ne wannan?"

Na ce daddawa ce, ta miya. Ta ce ko ma mene ne, ya nuna sosai, ƙanshinsa ya tuna mata da ƙauyensu. Ban taɓa jin Bature ya yabi daddawa ba sai ranar. Rana ta fito muna ratsa gonaki, raɓa ta daskare ta yi musu fari, shanu suna tsaye cikin sanyi ba su damu da kowa ba.

Lyon, Vaulx-en-Velin

Fachima, 'yar Kawu, ita ta tare ni a tasha. A nan aka haife ta, Hausarta rabi ce, sauran rabin Faransanci. Ta karɓi jakar tsarabar, ta yamutsa fuska, ta ce, "Yaya, kin kawo abin nan kuma, encore!" Muka shiga jirgin ƙasa, muka sake wani, sannan bas ta ajiye mu a gindin dogayen benayen Vaulx-en-Velin. Gidansu a hawa na huɗu yake, kuma lifta ba ta cika aiki ba.

Inna Rakiya ta rungume ni, ta yi ta jera gaisuwa: gajiya, sanyi, karatu, mutan Katsina ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka rasu ba ta ji ba. Ta kawo fura da ta dama da yogot, da shinkafa da miyar gyaɗa. Na tambayi jikin Kawu, ta ce da sauƙi. Fachima ta dubi silin.

Da muka ci abinci muka kama hanyar inda aka kwantar da shi. Ba asibiti ba ne sosai, gida ne na masu murmurewa, inda ake koya wa gaɓoɓi aikinsu daga farko. Yana can wajen Rillieux, bisa tudu, bas biyu ake shiga. Direban ta biyun ya san Inna, ya jira ta har ta hau ta zauna kafin ya ja.

Ɗakin Kawu

Tun daga ƙofar gidan na ga taurari. An manna su a kowace taga, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, na takarda mai shara-shara wadda haske ke ratsawa. Ado ne na Kirsimeti da sabuwar shekara, kuma masu jinyar ne da kansu suke yin su. Shekarar ce Babbar Sallah ta faɗo a farkon Disamba, saura kwana uku.

Kawu yana zaune a kujera mai taya, bargo a cinyarsa. Ya rame ƙwarai, har hularsa ta yi masa yawa. Da ya gan ni fuskarsa ta buɗe, gefe ɗaya ya riga ɗaya.

"Uwata! Ke ce tahe?"

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Na durƙusa na gaishe shi. A da, in na durƙusa haka, hannun damansa yake ɗora mini a ka. Wannan karon na jira, hannun bai fito daga ƙarƙashin bargo ba. Na hagun ma bai ɗaga ba, yana riƙe da gefen kujera. Na ji abin har cikin raina, amma na yi kamar ban lura ba.

A kan teburinsa akwai tire cike da yankakkun takardu masu launi da kwalbar gam. Inna ta ja kujera, ta ɗauki takarda ta hau ninkewa kamar mai tsince shinkafa.

"Aikin da sunka ba shi ne," ta ce mini ƙasa-ƙasa. "Dattijo da furfura, a ce ya zamna yana wasan yara. Ni ka yi mashi, kar yarinyar nan ta zo ta yi mashi faɗa."

Ni kuwa ban ga laifin haka ba. Yaya za a yi babba yana fama, ƙarami yana zaune yana kallo? Na ce ta koya mini. Abin ba wuya: takarda takwas ake ɗauka, kowace a ninke ta biyu a tsaye a buɗe, layi ya fito a tsakiya. Sai a kawo kusurwoyi huɗun su haɗu a kan layin, a murje da farce. A sake kawo gefe biyu na sama su haɗu a tsakiya, bakin ya yi tsini. In an gama takwas ɗin a shafa gam, a ɗora kowane a kan rabin ɗan'uwansa ana zagayawa, har na ƙarshe ya shige ƙarƙashin na farko. In aka ɗaga shi a haske, inda takardun suka hau juna sai ya yi duhu-duhu, wani ƙaramin tauraron ya fito a cikin babban.

Abin ya shiga raina. Kafin la'asar na yi guda huɗu, masu kyau, tsininsu kamar an auna. Muna yi muna hira, Kawu yana kallon taga.

Sai ga yarinyar da Inna ke tsoro. Ba yarinya ba ce, mace ce da ta kusa arba'in, mai koya wa hannu aiki, su Inna suna ce mata kine. Ta gaishe mu, ta ɗauki tauraro ɗaya ta ɗaga shi a taga, ta juya shi.

"Ya yi kyau sosai," ta ce da Faransanci. "Madam ta warke tun tuni, na sani. Yau kuma ga baƙuwa ita ma ta warke. Saura mai ɗakin."

Na ji kunya ta rufe ni. Ta yafito ni waje, muka tsaya a baranda. Ba faɗa ta yi ba. Ta ce hannun nan bai mutu ba, yatsun suna motsi, ta gani. Amma hannu irin wannan yana da lokacinsa, in aka bar shi a kwance watannin farko sai ya ƙage, ba ya sake buɗewa. Bayan hutun ƙarshen shekara likitoci za su zauna a kansa. In yana iya riƙe cokali da sanda da ƙarfen matakala, zai koma gidansa. In ba haka ba, gidan tsofaffi za a nema masa, na zama har ƙarshe.

"Kuma ba ya cin abinci sai matarsa ta zo ta ba shi," ta ce. "Hagunsa lafiya lau, amma ya ƙi ci da ita. Na kasa gane dalili."

Na ce a wurinmu ba a ci da hagu, ba a bayarwa da hagu, ba a gaisawa da ita. Mutum kamar Kawu ya gwammace ya kwana da yunwa. Sai ta ce, "To ai dama nake so ya yi amfani da ita. Ashe ni da shi abu ɗaya muke so."

Asabar da Lahadi

Da safe muka je kasuwa ni da Fachima, sayen kayan miyar Sallah. Muna tsaye wajen mai albasa ta ce, "Na gaya ma Maman, na gaya mata sau dubu. Ta ce ba ni da kunya, wai ina so in ga Papa yana wahala. Shi kuma il refuse, ya ƙi. Ya ce kayan Kirsimeti ne." Ta goge ido da bayan safar hannunta. Ta ce ta san ba don Kirsimeti ba ne, don shekara da shekaru shi ke taya maƙwabciyarsu ɗaukar itacen adonta zuwa hawa na biyar. Ba ya so a ga hannunsa yana rawa ne kawai.

Ranar na gwada lallashi, ban ci nasara ba. Na tura masa tiren, ya ce, "Uwata, bar wannan. Ba ni labarin Katsina." Inna kuwa hannunta yana ta kaiwa ga takardun da kansa, sai ta tuna ta janye. Da aka kawo abinci ta ɗauki cokali ta ba shi a baki, ta goge masa gemu. Ban iya hana ta ba. Shekara arba'in tana yi masa hidima, kuma da hidimar take nuna masa so.

Ranar Lahadi na roƙi Inna ta zauna a gida ta yi cincin da dubulan na Sallah, na ce ni zan je in zauna da shi. Ta dube ni, ta gane. Ta ce, "Kar dai ki bari ya ji yunwa." Na shiga bas biyun ni kaɗai, ana ɗan yayyafi.

Na same shi yana jan carbi da hagu a ƙarƙashin bargo. Muka gaisa, na zauna, na ce gobe bayan Idi zan koma Paris.

"Tun da wuri haka?"

"Karatu, Kawu. Amma ina da tambaya. Tun ina yarinya, in ka zo Katsina ko na zo nan, ban taɓa barin wurinka hannu wofi ba. Alewa, turare, ko dabino uku ne sai ka damƙa mini. Gobe me za ka ba ni?"

"Rakiya za ta ba ki turare."

"Rakiya ba ni na haife ta ba. Ɗana nake tambaya."

Ya dube ni, gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. Ban taɓa amfani da wannan suna a kansa ba sai ranar. Na tura tiren gabansa.

"Tauraro nake so. Ba na Inna ba, ba na kine ba. Kuma Hajiya za ta tambaye ni abin da na gani, ka san ba ta yarda da da sauƙi."

Ya dubi tiren, ya dubi ƙofa. Sannan ya ce, "Rufe ƙofar."

Na rufe. Ya sa hagu ya ɗago hannun daman daga ƙarƙashin bargo, ya ajiye shi a kan tebur kamar kayan wani. Yatsun sun lanƙwashe, fatar ta yi laushi don rashin aiki. Ya zaɓi takarda shuɗiya. Hagu ta danne ta, dama ta je kama kusurwa, ta wuce ta. Ta dawo, ta sake wucewa. Da ta kama, takardar ta suɓuce ta faɗi ƙasa.

Wallahi ban san sanda na miƙe ba. Hannuna har ya kai kan wata takardar zan ninke masa layin farko, in sauƙaƙa masa. Ya ce, "Ke ma?" Na koma kujera, na cusa hannuwana biyu ƙarƙashin cinyoyina na zauna a kansu. Ya ga abin da na yi, ya yi dariya har ya yi tari.

Tsini ɗaya ya ci mana tun daga azahar har kusan la'asar. Ya yaga biyu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi cikin wannan sanyi, yana ta ƙananan maganganu da hannun kamar mai kora jaki: "Tahi mana. Can, can. Kai, wannan hannu!" Da ya zo murje layi, farcen babban yatsa ya ƙi tsayawa, sai ya kifa hannun ya murje da ƙashin yatsu. Ninkin ya karkace, amma ya ninku. Kafin a kawo abincin yamma ya yi uku. Ni kuwa hannuwana sun yi tsami a ƙarƙashina, ban taɓa gajiya da rashin yin komai irin ta ranar ba.

Da aka kawo abincin na ce ni ban iya ba babba abinci a baki ba, kunya nake ji. Ya harare ni. Ya ɗauki cokali da dama, rabin miyar ya zube a bargo, rabi ya isa. Na juya ina kallon taga har ya gama.

Litinin, ranar Sallah

Muka yi Idi a wani babban zaure a Vaulx-en-Velin, mutanen Aljeriya da Senegal da Komoro da mu 'yan tsiraru. Naman layya sai washegari mahauci zai kawo, don haka kaza Inna ta soya. Muka kwashi kuloli muka hau bas, Fachima ta yi ado da shadda a ƙarƙashin rigar sanyi.

Kawu ya sa an sanya masa farar riga da hula. A kan tebur akwai tsini takwas a jere, babu biyu da suka yi kama da juna. Wata ma'aikaciya ta ce tun da aka ba shi shayin safe yake fama da su, ya hana kowa taɓawa. Saura haɗawa. Inna ta ajiye kula, ta nufi kwalbar gam.

"Rakiya," ya ce, "zamna."

Ta zauna. Fachima ta kama hannun uwarta ta riƙe a cinyarta, ba ta sake shi ba. Mu uku muka zuba ido yana shafa gam, yana ɗora ɗaya bisa ɗaya. Gam ɗin ya yi yawa, ya ɓata masa yatsu. Inna tana ta motsi da baki, hawaye yana sauka, ba ta share ba don hannunta yana riƙe. Tsini na ƙarshe ya ƙi shiga ƙarƙashin na farko, ya bar shi a sama, ya danne da tafin hannu.

Muka ci abinci, aka yi addu'a, lokacin tafiyata ya yi. Na sa rigar sanyi, na durƙusa gabansa na yi sallama. Ya ɗauki tauraron da hagu, ya sa shi tsakanin yatsun dama, sannan ya janye hagun ya mayar da ita gefen kujera. Hannun ya fara tasowa daga tebur, yana rawa, takardar tana karkarwa. Tsakanina da shi bai fi kamu biyu ba. Da na ɗan miƙa nawa da an gama, amma na bar tafin hannuna a inda yake. Ya taho, ya tsaya, ya sake tahowa, har takardar ta taɓa ni.

"Ungo, Uwata. Ba shi da kyau."

Na karɓa da hannu biyu. Na gyaɗa masa kai. Hannun bai koma ba, ya ƙarasa ya sauka a kaina, da nauyinsa duka, gam yana manne mini a ɗankwali.

Komawa

Fachima ta raka ni tasha. Magariba ta yi muna cikin bas, sai na ga ana jera ƙananan kyandirori cikin kofunan gilashi a bakin tagogi, bene bayan bene. Ta ce al'adar mutanen Lyon ce a wannan rana kowace shekara, bana kuma ta haɗu da Sallarmu. Gari ya cika da jama'a, da ƙyar muka kutsa.

Tauraron bai shiga jaka ba, gam ɗin bai bushe ba kuma ina tsoron ya murƙushe. A hannu na riƙe shi har Paris. Mai duba tikiti ya dube shi ya ce, "Yaronki ne ya yi?" Na ce e, ɗana ne.

Na iso Goutte d'Or bayan isha, unguwa tana ƙanshin gasasshen nama. Ban hau ɗaki ba, na shiga shagon waya na kusa da mu, na rufe ƙofar ɗan akurkin da ake buga waya a ciki, na buga Katsina. Hajiya ta ɗauka kamar tana zaune kan wayar. Muka yi barka da Sallah a gaggauce.

"To, mi kika gani?"

Na ce ya rame. Na ce har yanzu ba a san ko zai koma gida ba, sai likitoci sun zauna bayan sabuwar shekara. Na ce amma ya yi mini sallama kamar yadda ya saba, ya ba ni tauraro na takarda da ya yi da kansa, karkatacce, tsininsa ɗaya ya fi sauran tsawo.

Hajiya ba ta tambayi mene ne tauraron takarda ba, ba ta tambayi amfaninsa ba.

"Da wane hannu ya ba ki?"

"Da dama, Hajiya."

Can na ji ta ja numfashi, ta ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu na yarda da sauƙi."

Na hau ɗakina na manna shi a taga, gefen da fitilar titi ke haskowa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Inna Rakiya da ta ciyar da ni, ta kuma zauna sanda aka ce ta zauna.